Albashin Baba Almakashi Ya Faɗa Wayar Ɗansa

Jama'a, ku yafe mini jina shiru da kuka yi kwana tara. Na ga tambayoyinku a ƙasan rubutun baya, har wata baiwar Allah tana cewa ko an sha bikin ne ban gayyace ku ba. Ba a sha ba, 'yar'uwa. Hannuna ne ya ƙi riƙe waya. Yau ma Allah kaɗai Ya san sau nawa na goge layin farko.

Ga wanda yau ya fara shigowa: ni tela ne. Ina da ɗan shagon ɗinkin kayan makaranta, kekunan ɗinki tara, mu goma sha huɗu har da ni. 'Yata ta fari, wadda nake kira Uwata, ita ke riƙe mana littafin albashi tun tana sakandare, shi ya sa 'yan shago ke ce mata Akawu. Saura mako bakwai aurenta da yaron da take so. Ma'aikacin jinya ne a wani gari da ke gaba da namu, 'yan shago kuma suka laƙaba masa Likita. Likita ɗan Baba Almakashi ne, mutumin da ya koya mini sana'a tun ina ɗan shekara sha huɗu, wanda yau shi ne mai yankan yadi a shagona.

A wurinmu gwargwadon abin da hannunka ya fitar ake biyanka. Mai yanka ana lissafa masa ɗauri nawa ya yanka, mai ɗinki riga nawa, mai guga guda nawa. Kowa yana da ƙusa a bango inda yake soke 'yan takardunsa. Ƙarshen wata sai Uwata ta kwashe su a leda ta zube a teburin falo, ta ɗaure kanta da wani tsohon ɗankwali ruwan toka, ta zauna kwana uku da kalkuleta. Kwana ukun nan ba mai kunna talabijin. Ƙannenta har a kan yatsun ƙafa suke tafiya. Duk da haka ranar biya sai an yi cacar baki: wannan ya ce takardarsa biyu sun ɓace, waccan ta ce an haɗa nata da na maƙwabciyar kekenta.

Wata biyu da suka wuce ta same ni ina shan shayi, ta ajiye mini wayarta kusa da kofi.

"Abba, kalli wannan. Manhajar biyan albashi ce."

"Tana ɗinka maɓalli?"

"Abba, don Allah. Kowa zai riƙa danna aikinsa a wata faffaɗar waya da za a rataye a bango. Ƙarshen wata ita za ta haɗa, ta cire haraji, ta tura wa kowa kuɗinsa da bayaninsa a waya."

"Nawa?"

Ta faɗa. A kan kowane ma'aikaci ake biya, duk wata, ban da kuɗin wayar bangon da na data. Na auna a raina: kuɗin bandir ɗaya na farin yadi ke nan kowane wata, har abada.

Na ce, "Uwata, in riƙa ƙona bandir guda duk wata a kan abin da ake yi mini kyauta?"

Ta dube ni, ta yi wani ɗan murmushi da bai kai ido ba. "Mai yi maka kyautar tafiya za ta yi, Abba."

Mahaifiyarta daga kicin ta ɗaga murya: "Ka ji dai. Ko kai za ka zauna da kalkuletar? Mutumin da in ya ƙirga 'ya'yansa sai ya rasa ɗaya!"

Washegari sai ga saƙon Likita a wayata, da irin ladabinsa:

"Baba, barka da hantsi. Na biya wata shida na manhajar nan. Don Allah kada ka ce a'a. So nake in ta taho, hankalinta ya taho tare da ita."

Ku gaya mini, wane uba ne zai karanta wannan ya ce a'a?

Amma ba kuɗin ne kaɗai ke damuna ba, kuma nan ne zan faɗa muku abin da na ɓoye muku tun farkon labarin nan.

Shekara uku ke nan Baba Almakashi ba ya yanka daidai. Abin ya fara da hannun riga, ɗaya ya fi ɗaya tsawo da ɗan yatsa. Sai wuya ya fara karkacewa. Mutumin da a da yake kallon yaro sau ɗaya ya yanka masa wando ba tef! Sau ɗaya na taɓa ce masa, "Maigida, ko mu je a gwada maka tabarau?" Ya ajiye almakashin a hankali, ya ce, "Ranar da na zama abin tausayi a shagon nan, ranar zan ɗauki hulata." Mako guda bai amsa gaisuwata ba.

Daga nan sai muka samu wata hanya, ba tare da kowa ya buɗe baki an shirya ta ba. In ɗauri ya zo a karkace, mai ɗinki ba ya cewa uffan, sai ya tura shi ƙarƙashin teburina da ƙafa. Ni kuma in na idar da sallar asuba sai in buɗe shago ni kaɗai, in gyara wanda zai gyaru, wanda ba zai gyaru ba in mayar da shi na ƙananan yara, in yanka sabo in jera a gurbinsa. Kafin Baba ya iso ƙarfe takwas da farar rigarsa da tef a wuya, komai ya koma daidai. Takardunsa na ƙusa kuwa ba a taɓa rage ko ɗaya ba.

A shekara ta biyu Uwata ta gano, don yadin da ke fita ya ƙi daidaita da rigunan da ke shigowa. Ta tsare ni a shago.

"Abba, idonsa ne. Bari in gaya wa Likita."

"Tsufa ne kawai. In kika faɗa, zai kai shi asibiti da ƙarfi, Baba ya san mun sani, ya bar aiki, ya zauna a gida ya mutu da baƙin ciki. Ki yi mini alkawari."

"Abba..."

"Alkawari, Uwata."

Ta yi. Sau biyu bayan nan ta sake roƙona, sau biyu na tuna mata alkawarinta. Kada ku ce yaya ɗa ma'aikacin jinya bai lura ba. Yaron sai ƙarshen mako yake zuwa, Baba kuma ya haddace gidansa kamar tafin hannunsa: taku nawa zuwa randa, taku nawa zuwa ƙofa. Har jarida yake riƙewa in ɗan ya zo.

Aka kawo manhaja. Wanda ya zo haɗawa ya ɗauki lambar wayar kowa. Da aka zo kan Baba, ya zaro 'yar ƙaramar wayarsa mai maɓallai, ya yi dariya.

"Wannan kira kawai ta iya. Sa lambar Likita, shi zai karanta mini. Ya ga ubansa ma ya shiga zamani."

Kowa ya yi dariya. Ni ma na yi.

Zan faɗi gaskiya a kan abin nan, don kada a ce fushi ya rufe mini ido: yana aiki. Tun a makon farko ƙusoshin bango suka zama marasa amfani. Mai Guga, wanda duk wata sai ya rantse an cuce shi, ya koma zuwa gaban wayar da yamma yana duba adadinsa yana gyaɗa kai. Anti Maɓalli, babbar mai ɗinkinmu, ta gano ashe ta fi abin da take zato aiki, ta ce, "Ashe shekara da shekaru ni nake cutar kaina, ina zargin Akawu!" Ba wanda ya sake zuwa neman takarda a kwandon shara. Na fara cewa a raina bandir ɗaya bai yi yawa ba.

Abu ɗaya ne ya tsaya mana. Kafin mai ɗinki ya danna aikinsa, sai ya fara danna ɗaurin da ya karɓa daga mai yanka: ko "An karɓa", ko "An maido". In ya tsallake, nasa lissafin ba zai shiga ba. In kuma ya danna "An karɓa" a kan ɗaurin da ya tura ƙarƙashin tebur, manhajar za ta yi ta jiran rigunan da ba za su fito ba. Don haka suka riƙa danna gaskiya, suna kawar da kai. Ni ma, da nake Ma'aikaci na 1 a manhajar, in na sake yanka ɗauri dole in danna kafin ya shiga lissafi.

Uwata ta ce in bar mata. "Ranar ƙarshe zan gyara shafin Baba da hannu kafin a tura. Kai dai kada ka taɓa komai."

Ranar ƙarshen wata ta faɗo ranar da za su je kasuwa da mahaifiyarta zaɓen gado da labule. Ta fito cikin doguwar riga shuɗiya mai ƙananan furanni, wadda ni na ɗinka mata, da farin mayafi, tana ta ƙamshi. Rabon da in gan ta ƙarshen wata ba ɗankwalin toka a kanta, na manta.

"Zan dawo kafin la'asar, Abba."

La'asar ta yi ba su dawo ba. 'Yan shago suka fara leƙo ni. Mai Guga ya ce, "Mai shago, an ce abin nan minti biyar ne. Ko sai Akawu ta zo ta yi masa tofi?"

Sai wani tunani ya zo mini, kuma wallahi da kyakkyawar niyya ya zo. Na ce bari in nuna wa yarinyar nan zan iya. Ta dawo ta tarar an gama, ta san in ta tafi ubanta ba zai nutse ba. Na sa tabarau, na buɗe shafin Baba, na ga kuɗinsa ya yi ƙasa sosai. Na nemo wurin da aka rubuta "Ƙari", na cika masa har ya kai abin da ya saba karɓa. Na ji daɗin kaina. Na danna koren maɓalli.

Wayoyi suka fara ƙara a shago ɗaya bayan ɗaya. Aka yi tafi. Anti Maɓalli ta yi guɗa. Ni a zatona kuɗi kawai ke tafiya, da jimilla a ƙasa. Ban san kowane layi yake turawa ba.

Minti goma ba a yi ba Uwata ta kira. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

"Abba, me ka danna?"

Ta turo mini hoton abin da ya shiga wayar Likita:

"Ma'aikaci na 2, mai yanka.
An yanka: ɗauri 96.
An maido: ɗauri 71.
Wanda ya sake yankawa: Ma'aikaci na 1.
Ƙari daga mai shago."

A ƙasa kuma ga saƙonninsa gare ta, a jere:

"Mene ne an maido?"
"71 cikin 96?"
"Waye ma'aikaci na 1?"
"Ki ɗauki waya."

Na ɗaga kai na dubi Baba. Yana can yana naɗe tef ɗinsa a yatsa, yana tambayar Mai Guga, "To, ni nawa ya tafi wurin Likita ko? Sai ya zo ya karanta mini in ji ko injin ya san darajar manya."

A daren nan Likita ya shigo gari. Washegari ya kai mahaifinsa asibitin ido. Abin da aka faɗa musu, a bakin Anti Maɓalli na ji, don maƙwabtansu ne. Ta zauna a kan kekenta tana share hawaye da guntun yadi. Hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama saura ɗan kaɗan, kamar mai leƙe ta ramin makulli. Likitan idon ya ce da an zo shekara biyu da suka wuce, maganin ɗigawa kawai zai riƙe abin.

Shekara biyu. Daidai lokacin da na sa 'yata ta yi mini alkawari.

"Ni ce na riƙa dannawa," in ji Anti. "Da yatsan nan."

Na ce mata ba ita ba ce.

Tun ranar nan Baba bai sake zuwa shago ba, Likita kuma bai sake amsa wa Uwata ba. Tana turawa, alama ta nuna ya karanta, shiru. Na ga wayarta a kan kujera ba da niyya ba: "Ya jikin Baba?" "Don Allah ka ci abinci." "Ko zagi ne ka turo mini." Gidanmu ya koma kamar kwanakin lissafi, ba talabijin, ba mai ɗaga murya, sai dai yanzu ba abin da ake lissafawa. Labulen da suka sayo yana nan cikin ledarsa a bayan ƙofa.

Jiya da safe manhajar ta turo mini tambaya: Ma'aikaci na 2 bai yi aiki ba kwana takwas, a cire shi don a rage kuɗin wata? Eh ko A'a. Na kife wayar a kan tebur.

Da azahar saƙon Likita ya shigo: "Baba, zan zo bayan la'asar in ba damuwa. Tambaya ɗaya ce."

Mahaifiyar Uwata ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa.

"Ka san tambayar. Ka ce ba ta sani ba."

"In yi masa ƙarya?"

"Shekara uku kana yi wa ubansa, yau ne za ka tuba? A kan 'yata za ka fara tsarki?"

"Wancan rufin asiri ne."

"Wannan ma shi ne! Ka dube ta, mutumin nan. Ta rame kamar tsinke. Kai ka ɗaure mata baki, kai za ka kwance ta."

Na fito na tarar da Uwata a tsakar gida tana wanke kofin da ta riga ta wanke. Na tsaya ina jiran ta ce mini wani abu, ko yi ko bari. Ba ta ɗago ba.

Ya zo cikin kayan aikinsa, ko gida bai biya ya canza ba. Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum, ya ƙi hawa kujera. Idanunsa sun yi ja. Aka kawo ruwa bai taɓa ba.

"Baba, na san abin da ka yi wa mahaifina. Na zauna na lissafa asuba nawa ne a shekara uku. Ban san yadda zan gode maka ba, kuma ban san yadda zan yafe maka ba. Duka biyun suna nan." Ya dafa ƙirjinsa. "Amma ba wannan ya kawo ni ba. Ita ta sani?"

Na ji motsi a bayan labulen ɗakin tsakiya. Na san su biyu ne a wurin.

Jama'a, na buɗe baki da niyyar in ce a'a. Wallahi da niyyar na buɗe. Sai na ga yaron nan yana kallona da irin kallon da ubansa ke yi mini in na kawo masa ɗinki ya duba, ina ɗan sha huɗu.

Na ce, "Ni na hana ta. Sau uku ta roƙe ni. Ni na sa ta yi alkawari. In akwai laifi..."

"Wato ta sani."

"Ɗana, ka saurare ni..."

"Tun yaushe?"

Na sunkuyar da kai. Ya gyaɗa kai, ya fahimta.

"Kullum muna waya, Baba. Kullum sai ta ce, ya Baba? In ce lafiya lau. Ta ce madalla." Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Ni da nake auna jinin mutanen da ban sani ba."

Ya miƙe. A bakin ƙofa ya tsaya yana sa takalmi, bai juyo ba.

"Ban ce na fasa ba. Amma a dakatar da ranar. Ba zan iya zama a ɗaki ɗaya da ita yanzu ina tunanin me kuma ta yi wa alkawari ba."

Ya tafi. Mahaifiyarta ta fito ta wuce ni kamar ba ta san ni ba. Uwata ba ta fito ba sam.

Ina nan zaune a inda ya bar ni, gab da magariba, wayata ta yi ƙara. Baba Almakashi ne. Kwana takwas ban ji muryarsa ba.

"Yaro."

Har yau haka yake kirana, da furfurata.

"Maigida, ka yafe mini..."

"Rufe mini baki. Kana tsammani ban sani ba? Almakashin da na riƙe shekara arba'in, in zo da safe in ji shi da ɗumin hannun wani, in kasa ganewa? Tun watan farko na sani. Na san kuma ba tsufa ba ne, don haka ya fara wa mahaifiyata. Tsoro na ji. Kuka yi shiru, na ji daɗi, na ɓuya a bayanku."

Na miƙe tsaye ban sani ba. "To ka gaya masa, Maigida! Don girman Allah ka gaya masa! Yanzun nan ya ce a dakatar da rana. In ya san kai kanka ka sani, ka ɓoye masa..."

"Sai ya juyo da fushin kaina."

"Amma yarinyar nan..."

"Na sani. Ni na yanka mata rigar makarantarta ta farko, kar ka gaya mini wace ce ita." Daga nan muryarsa ta zama ta tsoho sosai. "Shi ke ɗiga mini magani yanzu, yaro. Shi ke riƙe hannuna zuwa banɗaki. In na faɗa, ban san ko zai sake kallona yadda yake kallona ba, ni kuma ɗan ganin da ya rage mini, fuskarsa nake so in ƙarasa da shi. Ka bar ni in kwana a kai. Kada ka faɗa wa kowa."

"Maigida..."

"Alkawari, yaro."

Ya kashe kafin in amsa.

Na juyo, sai ga Uwata a bakin ƙofar falo, idanunta a kumbure, ta riƙe gefen labule da hannu biyu.

"Muryar Baba na ji. Me ya ce, Abba?"

Na dubi wayar, na dube ta. Abin da zai iya dawo mata da aurenta yana kan harshena, mai shi kuma ya ce in riƙe.

Na ce, "Ya ce yana gaishe ki."